Allurar Gwaggo Barira a Gindin Allon Talla

Gwaggo Barira ba ta taɓa taka keken ɗinki ba tun da uwarta ta haife ta. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata a sani a kanta, domin an yi sama da wata guda ƙaton hotonta yana tsaye a Ƙofar Doka, tana zaune a bayan keke tana murmushi, mai shiga birni da mai fita kowa sai ya ɗaga kai ya gan ta. Har yau in aka ɗauko zancen a gidan, sai ta soke allura a gefen zane ta tashi ta ba mutane wuri.

An haife ta a wani lungu na cikin birnin Zazzau, irin lungun da in masu babur biyu suka haɗu sai ɗaya ya ja da baya. Mahaifinta, Malam Zailani, maɗinkin manyan riguna ne. A zaure yake aiki daga hantsi zuwa la'asar, yana ɗinki yana bitar karatu. A wancan zamani aikin riga na maza ne, mata sai hula. Barira tana 'yar shekara goma sha biyu ita ke kai masa ruwan alwala, in ya tafi masallaci sai ta laɓe ta ɗauki allurarsa ta ci gaba daga inda ya tsaya. Ta daɗe tana haka ba wanda ya sani. Ranar da ya kama ta, rigar wani alƙali ce a hannunta. Ya karɓa, ya fita da ita bakin ƙofa inda akwai haske, ya duba gaba ya juya baya, yana neman inda hannunsa ya ƙare nata ya soma. Bai samu ba. Bai yi mata faɗa ba, bai kuma yabe ta ba. Washegari ya aika kasuwa aka sayo mata allura tata ta kanta.

Da allura ta tafi gidan aure, wurin Malam Abdulbaƙi, malamin firamare, mutum mai sanyin magana. Da allura ta taya shi karantar da 'ya'ya biyar, da ita ta je Makka, da ita ta sake rufin ɗakin uwarta shekarar da ruwa ya rusa shi. Matan da suka koyi ɗinkin riga a tsakar gidanta sun fi arba'in. Ba ta taɓa karɓar ko sisi don koyarwa ba, amma tana da zafin hannu: in ta ga ɗinki ya karkace ba ta magana, sai ta sa tsinin allura ta warware shi gaba ɗaya, aikin kwana uku, ta miƙa wa mai shi ta ce, "Sake." Shi ya sa kowa ke ce mata Gwaggo, har waɗanda suka girme ta.

Ga yadda sana'ar take. Dillali ya sayi shadda, a yanka, mai zayyana ya zana fasali a kan ƙirji da baya, sannan a shigo da ita cikin gida. Mai ɗinki ta bi zanen da zare, huda bayan huda. Babbar riga mai aska takwas, wato mai dogayen tsinaye takwas da ke saukowa ta ƙirji, takan ci wata uku a hannun Gwaggo. In ta gama a kai wa mabuga su buge ta ta yi sheƙi, dillali ya wuce da ita Kaduna ko Abuja ko Yamai. Dillalinta na shekara ashirin da shida shi ne Alhaji Jumare. To, yanzu an samu injinan da ke kwaikwayon aikin hannu a yini ɗaya, har wanda bai ƙware ba ba zai bambance ba. Saboda haka mai sayen riga daga nesa ba zare yake saye ba, suna yake saye. In Alhaji Jumare ya ce, "Hannun Barira ne," ciniki ya ƙare. Abin da take da shi ke nan a duniya, wannan kalma guda.

Bara, bayan ƙaramar salla, mai unguwa ya aiko cewa wani kamfanin garin sabulu mai suna Ƙyalli zai karrama mata masu sana'a, kuma sunanta ne na farko a takarda. Ba ta so zuwa ba. Aminiyarta Hassana, wadda suka tashi a lungu ɗaya kuma bakinta ba ya hutawa, ita ta matsa.

"Ke Barira, shekara arba'in da wani abu kina huda yatsu, yau an ce za a tafa miki kina noƙewa? Tashi mu je, ko lemo ma sha."

A filin makarantar firamare aka yi. Rumfuna, kujerun roba, lasifika mai tsage kunne. Aka raba wa mata hijabai ruwan ɗorawa, launin kwalin sabulun, aka ce kowa ta ɗora a kan nata. Wani matashi mai suna Nabil, ɗan unguwar Tukur-Tukur, wanda shi ne jami'in hulɗa da jama'a na kamfanin, ya yi jawabi rabi Hausa rabi Turanci. Sannan aka yaye tamfol, sai ga kekunan ɗinki guda ashirin a jere, baƙaƙe, na takawa, irin na ɗinka zane da rigar makaranta. Matan suka kalli juna. Duk cikinsu ba tela ko ɗaya. Da a ce wani daga kamfanin ya shiga gida ɗaya tak ya tambaya, da an gaya masa abin da masu ɗinkin hannu ke bukata: zare mai kyau, tabarau, fitila mai aiki da rana. Ba wanda ya shiga, ba wanda ya tambaya. Sun ji an ce ɗinki, sai suka sayo keke.

Amma kyauta ce, kuma 'yar Malam Zailani ba ta iya kunyata mai kyauta a gaban jama'a ba. Nabil ya rusuna ya ce, "Mama, ɗan zauna a nan, ki ɗora ƙafa, minti ɗaya kawai." Ta zauna. Ta ɗora ƙafa a inda ba nan ake ɗorawa ba, mai hoto ya zo ya gyara mata. Hassana ta ɗaga murya daga baya, "A ba direba hanya!" Gwaggo ta kasa riƙe dariya. A daidai nan aka ɗauka. Daga bisani aka zagayo da takarda da Turanci, aka ce ta shaidar karɓa ce, kowa ta sa hannu. Keke ya iso gida a baro, aka jingine shi a rumfa, aka riƙa kife kwanuka a kai.

Bayan sati uku Hassana ta shigo ba sallama, mayafi a hannu, ta miƙa mata waya. Hoton allon talla ne, wanda tsawonsa ya fi katangar gida. Ga Gwaggo a kan keke, haƙora waje, hijabi ruwan ɗorawa. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: ƘYALLI YA KOYA WA BARIRA SANA'A. YANZU TA DOGARA DA KANTA.

Ta karanta sau biyu. Ta ce, "Wa ya koya mini?"

Hassana ta ce, "Sabulu."

A ranar ba ta ci abincin rana ba. Amma wannan ɓacin rai ne kawai, ɓarnar tana tafe. Ran Laraba Alhaji Jumare ya yi sallama a zaure, ta fito ta tsaya a bayan labule kamar yadda suka saba. Ya turo ƙunshi ta ƙasa. Tun kafin ta kwance ta gane: farar aska takwas ce da ta gama kafin azumi, wadda wani babban ma'aikaci a Abuja ya sa a yi masa don ɗaurin auren 'yarsa.

"Ya dawo da ita, Hajiya. An tura masa hoton nan a waya. Ya ce ba zai ba da kuɗin aikin hannu ya saka aikin inji ba."

"Alhaji, keken nan ko huda ɗaya ta aska ba zai iya ba. Ka sani."

"Na sani."

"To ka gaya masa mana!"

"Na gaya masa. Na ce ya juya bayan rigar ya ga ƙulle-ƙullen zare. Ya ce shi ba maɗinki ba ne, abin da idonsa ya gani ya gani." Sannan ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Mutum biyu kuma sun ce in dakata da nasu. Ni na san hannunki, Hajiya. Amma ba ni ke saka rigunan ba."

Washegari ta sa aka ɗora keken a a-daidaita-sahu, ita da Hassana suka tafi ofishin kamfanin a Sabon Gari. Nabil ya tarbe su da fara'a, har da kawo ruwan gora. Da ya ji abin da ya kawo su sai ya gyara zama, ya haɗe yatsu, ya shiga yi musu bayani a tsanake kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya.

"Mama, ki fahimce ni. Wannan shi ake kira hakkin al'umma a kan kamfani. Mu taimaka muku, jama'a su gani su so kayanmu, mu samu ƙarfin ƙara taimakawa. Wallahi tun da aka sa hotonki cinikinmu a Zariya ya tashi, har hedikwata sun kira ni sun yaba. Fuskarki tana da kwarjini, mutane sun yarda da ita. Kowa ya amfana."

"Ina cikin kowan nan?"

"Ai ke ce kan gaba, Mama. Kin zama sananniya."

"Yaro, uban wa ya ce maka ba a san ni ba? Shekararka nawa?"

"Talatin da ɗaya."

"Rigar da kakanka ya saka ranar sunanka, in dai ta kirki ce, je ka tambaya, ko hannuna ne ko na wadda na koya wa. Ka rubuta wa duniya kai ka koya mini sana'a? Ka rubuta yanzu na dogara da kaina? Da can a kan wa nake, a kanka?"

Ya ce rubutun ba shi ya yi ba, daga Legas aka turo. Ya ce ta sa hannu a takarda, kuma takardar ta ba su izinin amfani da hoto. Ya ce an kama allon na wata shida, ba shi da ikon taɓawa. Daga nan ya yi abin da Gwaggo ba ta yafe ba har gobe: ya kira wani ya ce a kawo wa Mama katan biyu na sabulu, a sa mata a mota.

Hassana ta ce, "A'a, ɗan nan, riƙe abinka. Ka wanke bakin wanda ya yi rubutun."

Suka bar masa kekensa a tsakiyar ofis suka fito.

Kwana biyu Gwaggo tana juya abin. Zuwa wurin mai unguwa ba amfani, shi ma an ba matarsa keke. Kotu kuwa, ga sa hannunta a takarda. Ran Asabar da safe, Malam Abdulbaƙi yana shan koko, ta zauna a gabansa ta ce tana neman izini. Za ta ɗauki aikinta ta tafi Ƙofar Doka, ta zauna a gindin allon, ta yi ɗinki kowa yana gani.

Ya ajiye ludayi. A tsawon zamansu ba ta taɓa yin ɗinki ko a zaure ba, balle waje.

"Hajiya, a bakin titi? Ke? Me za a ce da gidan Malam Zailani?"

"Malam, ai sun riga sun zaunar da ni a bakin titi. Wata guda ke nan ina can, rana da ruwa, kowane ɗan tasha yana kallon haƙorana. Wannan ba ni na zaɓa ba. Bari in je in zauna da kaina."

Ya shanye kokonsa, ya shiga ɗaki ya daɗe. Da ya fito, da hula a kansa, tabarma a naɗe a hammata.

Ranar farko ita ce mafi ɗaci. Ya shimfiɗa mata tabarma a inuwar ƙarfen allon, shi ya koma gefe da carbinsa. Ta baje shuɗiyar shadda a cinya, ta zura zare. Hayaƙin motoci yana shiga mata ido. Wani ɗan acaba ya taka birki ya kalli sama ya kalli ƙasa, ya yi ihu, "Jama'a, ga ta sama ga ta ƙasa!" Aka yi dariya. Wata mata mai wucewa, da kyakkyawar niyya, ta sunkuya ta ajiye mata naira ɗari a bakin tabarma. Gwaggo ta bi kuɗin da kallo. Malam Abdulbaƙi ya tashi ya ɗauka, ya bi matar da sauri ya mayar mata, ya ce, "Allah ya saka, baiwar Allah. Aiki take yi." Da azahar suka naɗe tabarma.

Rana ta biyu Hassana ta zo da nata aikin da kujerar tsugunno, ta zama mai bayani ba wanda ya naɗa ta. Duk wanda ya tsaya sai ta ce, "Matso ka gani, kallo kyauta ne. Waccan ta sama ƙarya ce, wannan ta ƙasa ita ce gaskiya. Ka ga keke a nan?" Rana ta huɗu mata tara ne a gindin allon. Ta shida sun kai ashirin da uku, duk waɗanda Gwaggo ta taɓa warware wa ɗinki, wasu da goyo, wasu mazansu sun rako su sun tsaya nesa suna harare-harare. Ba waƙa, ba kwali mai rubutu. Kawunan mata a sunkuye, allurai suna shiga suna fita. Masu waya suka yi ta ɗauka. Wani tela da ke da shago a tsallaken titi ya tsallako ya riƙa rantse wa mutane cewa shekararsa talatin a kan keke, kuma keken da zai yi wannan cikon ba a ƙera shi ba. Alhaji Jumare ya zo ya tsaya daga nesa, kunya ta hana shi matsowa, amma an ga shi ma ya ɗaga waya.

A cikin birni kuma mata suka daina aika yara su sayo Ƙyalli. Ba wanda ya shirya haka. Masu kanti suka ga kwalaye sun kwana sun wuni, suka ce wa motar kamfani kada ta sauke musu wani.

Rana ta tara sai ga Nabil, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, da ma'aikata biyu da tsani, da wani mai kyamara a bayansa. Ya durƙusa har ƙasa.

"Mama, an yi kuskure, hedikwata sun ce a sauke yau. Kuma akwai albishir. Za mu fito da sabon shiri na musamman don masu ɗinkin hannu, ke za ki zama jakadiya. Yanzu dai mu ɗan ɗauki hoto ina ba ki haƙuri, ki ce kin yafe, mu sa a shafinmu."

Gwaggo ba ta ɗaga kai ba sai da ta kai ƙarshen layin da take ciko. Ta ciji zare. Sannan ta dube shi.

"Wato haƙurin ma sayar da shi za ku yi."

"A'a Mama, ba haka..."

"Kwana nawa da na zo ofishinka? Na gaya maka an dawo mini da riga, ka ba ni sabulu. Yau kwalayenku sun ƙi tafiya, ka gane an yi kuskure. Ba ni kuka ji ba, kantuna kuka ji. Ka gaya wa wancan ya sauke abin da ke hannunsa, in ba haka ba wallahi nan za mu yi azumi mu yi salla."

Mai kyamara ya sauke. Ma'aikata suka kafa tsani suka hau, suka kwance igiyoyi, ledar hoton ta sulalo ta zube a ƙasa, fuskar ta naɗe a cikin ƙura. Ɗaya daga cikinsu ya soma naɗewa zai kai mota. Gwaggo ta ce a ajiye. Ta san inda irin waɗannan ledoji ke ƙarewa: rufin rumfar mai shayi, ko shimfiɗar shanya barkono. Ta ciro almakashinta, ta durƙusa, ta yanke fuskarta da sunanta, ta ninke ta ba Malam Abdulbaƙi ya riƙe. Sauran ledar, mai hoton keken da kwalin sabulun, ta tura wa Nabil da ƙafa.

Ba duka ne ya gyaru ba. Cikin mutum biyun da suka dakatar da aikinsu, ɗaya bai dawo ba. A Kaduna an ce har yanzu akwai masu ce mata matar sabulu. Kekuna goma sha tara suna nan a rumfunan gidaje suna tsatsa, sabon shirin kuma ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa.

Bayan sati biyu Alhaji Jumare ya yi sallama a zaure, muryarsa da 'yar fara'a. Ya kawo sabuwar shadda guda biyu da zayyana a kai. Ya ce kuma mutumin Abuja ya bugo, ya ga bidiyon, ya ce a ba Hajiya haƙuri, a aiko masa da farar rigarsa, har zai ƙara wani abu a kai.

Gwaggo ta jawo shaddojin ta ƙarƙashin labule, ta shafa su, ta duba zanen.

"Waɗannan na karɓa. Farar kuwa ka ce masa an yi mata mai ita."

"Hajiya, wa ya saya? Kuma ba ta hannuna aka bi ba?"

"Ba saye aka yi ba. Malam zai saka ta ran Juma'a."

Daga cikin gida Malam Abdulbaƙi, wanda duk tsawon aurensu bai taɓa mallakar aska takwas ba, ya ɗaga murya ya ce rigar ta yi masa yawa, mutumin Abuja ƙato ne, shi kuwa ga shi kamar sanda.

Ta ce, "Sai ka naɗe hannun a kafaɗa, Malam. Ba zan rage ko huda ɗaya ba."